Daga 4.10 zuwa 4.88: Nazarin Sauya Haƙoran Aksil a Wata A-kori-kura Mai Shiga Daji

Motar da wannan nazari ya shafa a-kori-kura ce ƙirar Toyota ta shekarar 1985, mai jan ƙafa huɗu, irin wadda direbobi ke kira fowil. Injinta na fetur ne mai silinda huɗu, samfurin 22R-E, girmansa lita 2.4, giyarta kuma ta hannu ce mai lamba biyar. Aksil ɗinta na gaba da na baya duka miƙaƙƙen ƙarfe ne guda, kowanne da tulunsa inda haƙoran da ke juya tayoyi suke zaune cikin mai. Mai motar yana kai kayan aiki da ita wani wuri da kwalta ba ta isa ba, hanyar kuwa ta haɗa kusan duk abin da ke wahalar da mota: doguwar tafiya a kan kwalta tukuna, sannan burji, sai busasshen rafi mai yashi, sai hawan dutse mai matakai, da wani kwazazzabo da ruwa ya zaizaye a karkace, ga kuma taɓo duk lokacin da aka yi ruwa.

Abin da ya fara damunsa shi ne yawan bugun dutse da tulun aksil yake yi a wajen hawan. Maganin wannan sananne ne, domin babu abin da ke ɗaga tulun aksil daga ƙasa sai tsawon taya. Ɗaga jikin mota ko ƙara mata sifirin ba ya taɓa shi. Saboda haka ya ɗaga motar kaɗan don taya ta sami wurin juyawa, ya cire tayoyin asali masu lamba 225/75R15, ya sa manya masu lamba 33×12.50R15. Bugun dutsen ya ragu kamar yadda ya zata, amma sai motar ta koma wata iri. Tashi daga tsaye ya zama sai an daɗe ana riƙe da kuloci. A kan kwalta lamba biyar ta daina amfani, da an gamu da ɗan tudu ko iska ta gaba sai gudu ya dinga raguwa har a dawo lamba huɗu. A hawan dutse kuwa abin ya fi muni: idan ya bar injin a ƙasa-ƙasa sai ya mutu a bakin mataki, idan ya ba ta wuta sai ta zabura ta doki dutsen da ƙarfi, don haka ya koma hawa da rabin kuloci, har ƙaurinsa yakan shigo cikin mota. Ya fara zargin injin, aka duba fulogi da matatar mai da matsin silinda, aka tarar lafiyarsa ƙalau.

Abin da lissafi ya nuna

Kafin a kwance komai, makaniken da ya karɓi aikin ya fara tabbatar da haƙoran da ke cikin motar, domin tsohuwar mota ta bi ta hannaye da yawa, ba a dogara da abin da takarda ta ce kawai. Ya ɗaga tayar baya guda ɗaya ya bar ɗayar a ƙasa, ya sa giya a firi, ya yi alama da alli a jikin tayar da kuma jikin furofela, wato dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga giya zuwa aksil, sannan ya juya tayar da hannu sau biyu cif yana ƙirga juyin furofela. Ta juya sau huɗu da ɗan ɗigo. Ana juya tayar sau biyu ne saboda idan taya ɗaya tana tsaye, haƙoran rabon da ke cikin tulun, wato waɗanda ke raba juyi tsakanin tayoyin biyu, suna ninka gudun ɗayar. Wannan ya tabbatar da cewa rabon juyin aksil ɗin 4.10 ne, wato babban haƙori mai siffar zobe, wanda ake kira kirawun, yana da haƙora 41, ƙaramin da ke tura shi, wato finiyan, yana da 10. Furofela tana juyawa sau 4.1 kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma ƙarfin murɗawar da ke isa ga taya yana ninkuwa da wannan adadi.

Daga nan sai lissafin taya. Taya mai lamba 225/75R15 tsawonta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 718 ne, zagayenta mita 2.26. Taya mai inci 33 tsawonta kusan milimita 838 ne, zagayenta mita 2.63. Bambancin tsawon ya kai milimita 120, rabinsa ne ya zama ƙarin tazara tsakanin tulu da ƙasa, wato kusan santimita 6. Wannan ce ribar da mai motar ya samu. Abin da ya biya kuwa shi ne tayar ta ƙaru da kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma taya ita ce giya ta ƙarshe a jikin mota, ko da yake mutane ba su cika kallonta haka ba. Aksil yana murɗa tayar ne daga cibiyarta, ƙasa kuma tana turjewa daga bakinta, kamar mutum biyu da ke jayayya a kan sifana: wanda ya riƙe ƙarshen dogon hannun ya fi wanda ke kusa da noti samun sauƙi. Da tayar ta yi tsawo sai ƙasa ta sami dogon hannu, ƙarfin turawar da motar ke iya yi a kowace giya ya ragu da kusan kashi 14 cikin ɗari. Idan aka raba 4.10 da 1.17, za a ga motar ta zama tamkar an sa mata haƙora masu rabon 3.5 alhali tana kan tayoyinta na asali. Ƙaramin inji mai silinda huɗu, wanda iyakar ƙarfin murɗawarsa bai kai mita-Newton 200 ba, ba shi da rarar da zai ɗauki wannan asara ba tare da an ji a jiki ba.

A kan kwalta ga yadda abin ya bayyana. Lamba biyar ta wannan giya rabonta 0.85 ne. Da tayoyin asali, a gudun kilomita 100 cikin awa injin yana yin juyi kusan 2,570 a minti, inda yake da kuzari. Da manyan tayoyi ya sauko kusan 2,200, ga ƙarin nauyin roba, ga faɗin taya, ga motar da aka ɗaga tana karo da iska fiye da da. Akwai kuma wani abu da ya ruɗe mai motar: malejin wannan mota yana karɓar juyinsa ne daga bayan akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, bai san girman taya ba. Lokacin da motar ke gudun 100 na gaskiya, allurar tana nuna kusan 86, kuma ma'aunin nisan tafiya shi ma yana rage lissafi da kusan kashi 14 cikin ɗari. Kukan da yake yi cewa motar ta koma shan mai fiye da kima, wani ɓangare gaskiya ne, wani ɓangaren kuwa malejin ne ke ɓoye masa kilomitocin da ya yi.

A daji ana duba wani adadi ne daban, wanda za mu kira rabon rarrafe. Ana samunsa ta hanyar ninka rabon lamba ɗaya da rabon lo, wato ƙaramin zango mai rage gudu, na akwatin raba ƙarfi da rabon aksil. A wannan mota lamba ɗaya 3.95 ce, lo kuma 2.28, aksil 4.10, jimla kusan 37. Injin yana juyawa sau 37 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Idan injin yana juyi 1,000 a minti, motar tana tafiyar kusan kilomita 3.7 cikin awa da tayoyin asali, da manyan kuwa kusan 4.3. A nan akwai abin lura, kuma a ganina shi ne zuciyar lamarin. Mu ɗauka injin yana ba da mita-Newton 150, mu ɗauka motar da lodinta ta kai kilo 1,800. A hawa mai digiri 30, wanda ba ƙaramin hawa ba ne, ana bukatar turawa daidai da rabin nauyin motar, wato kilo 900. Ko da manyan tayoyin, lissafi ya ba da turawar kusan kilo 1,350 kafin a cire abin da ke lalacewa a cikin giya da boris. Ke nan ƙarfin hawa bai taɓa ƙarewa motar ba. Matsalar ita ce injin ba ya ba da wannan ƙarfi sai ya ɗaga murya, kuma idan ya kai juyi 2,000 motar tana gudun kilomita 8.5 cikin awa, gudun da ya wuce tafiyar mutum a ƙafa nesa ba kusa ba, wanda kuma ya yi yawa ga motar da ke ɗora taya a kan matakin dutse. Direban yana neman ƙarfi da sannu a lokaci guda, motar kuma ba ta iya ba shi duka biyun sai ta hanyar zamewar kuloci.

Zaɓi tsakanin haƙora uku

Idan ana so motar ta koma yadda take, sai a ninka 4.10 da 1.17, a sami kusan 4.8. Ba a cika samun haƙora masu wannan rabo ba. Waɗanda aka fi samu don wannan aksil su ne 4.56, mai haƙora 41 da 9, sai 4.88, mai 39 da 8, sai 5.29, mai 37 da 7.

Mai motar ya fi karkata ga 5.29, bisa tunanin cewa tunda za a buɗe aksil sau ɗaya ne, gara a ɗauki mafi girma. Makaniken bai goyi bayansa ba, kuma ina ganin yana da hujja. Da 5.29 rabon rarrafe zai zama kusan 48, wanda bai fi na 4.88 da komai ba sai huɗu kacal, amma a kan kwalta injin zai zauna a kusan juyi 2,850 a gudun 100, tsawon tafiyar da ta fi ta dajin nisa. Bayan haka finiyan mai haƙora 7 kansa ya fi ƙanƙanta, kuma haƙoran da ke haɗuwa da kirawun a lokaci guda sun fi ƙaranci, don haka bai kai mai 8 ko 9 jure duka ba idan taya ta yi tsalle ta dira tana juyawa. Wannan ba ya nufin 5.29 ba shi da wurinsa. Motoci irin wannan masu taya inci 35 suna amfani da shi sosai, domin a can lissafin da kansa yana kaiwa wajen 5.1. Shi kuma 4.56 zai bar injin a kusan 2,450, ya fi shiru, amma bai maido da abin da taya ta ƙwace ba gaba ɗaya, balle ya biya ƙarin nauyin roba da lodin da motar ba ta rabuwa da shi. Aka tsaya a kan 4.88: rabon rarrafe 44, juyin inji kusan 2,620 a gudun 100, wato ɗan sama kaɗan da na asali. Ɗan ƙarin nan alheri ne ga motar da ta yi nauyi ta kuma yi tsawo.

Mai motar ya tambaya ko za a iya yin na baya yanzu a bar na gaba zuwa wani lokaci. Amsar ita ce ana iya tuƙa ta haka muddin ba a sa fowil ba, amma da zarar an sa, akwatin raba ƙarfi na wannan mota yana ɗaure furofelar gaba da ta baya su juya da gudu ɗaya, ba shi da haƙoran rabo a tsakani. Tayoyin gaba masu 4.10 za su nemi su riga na baya masu 4.88 da kashi 19 cikin ɗari, kuma wannan bambanci dole ya fita ta wani wuri, ko taya ta ja ƙasa ko ƙarfe ya karye. Motar da aikinta ke daji ba ta da amfani babu fowil, don haka aka yi biyun tare.

Aikin gareji

Wannan aksil yana da sauƙi ta fuska ɗaya: ana zare shaf-shaf, wato sandunan ƙarfen da ke kai juyi daga tulu zuwa taya, a kwance notocin da ke zagaye da tulun, a ciro ƙunshin haƙoran gaba ɗaya a ɗora a kan teburi. Amma daidaita sabbin haƙora aiki ne na haƙuri, kuma yawancin haƙoran da suka lalace da wuri ba ƙarfen ne ya gaza ba, saitin ne. Abu huɗu ake nema su dace a lokaci guda. Akwai zurfin finiyan, wanda ake gyarawa da siraran washa a bayan boris ɗinsa. Akwai matsin boris na finiyan, wanda ake aunawa da ƙaramin ma'aunin murɗawa. Akwai matsin boris na gefe biyu. Sai kuma ɗan wasan da ke tsakanin haƙori da haƙori, wanda a wannan aksil ake so ya kasance tsakanin milimita 0.13 da 0.18, kaurin da bai wuce na takarda biyu ba, ana duba shi da agogon awo a wurare da dama a zagayen kirawun.

Makaniken ya shafa rawayan fenti na gwaji a kan haƙoran kirawun huɗu ko biyar, ya matse kirawun da tsumma don ya yi nauyi, ya juya finiyan gaba da baya, sannan ya kawo fitila kusa. Inda haƙoran suka taɓa juna fentin yakan goge ya bar tabo mai siffar ƙwai. A gwajin farko tabon ya hau can saman haƙori, kusa da bakinsa, alamar finiyan bai shiga sosai ba. Ya sake fitar da shi, ya cire boris da injin matsa, ya ƙara kaurin washa, ya mayar, ya sake saita wasan haƙori tun daga farko domin taɓa ɗaya yana motsa ɗayan. A gwajin da ya gamsu da shi tabon ya zauna a tsakiyar tsawon haƙorin, bai taɓa sama ba bai taɓa gindi ba, a fuskar turawa da fuskar ja-baya duka. An sa sabbin boris da sil, an zuba man giya mai darajar GL-5, wanda shi ne ya dace da irin waɗannan haƙora da ke gogar juna a karkace.

Sabbin haƙora suna zafi sosai a farkon aiki kafin fuskokinsu su saba da juna. An bi shawarar da masu ƙera su suka saba bayarwa: gajeriyar tafiya a hankali, a tsaya aksil ya huce, a guji lodi mai nauyi da jan tirela har kusan kilomita 800, sannan a zubar da man a sa sabo. Man da aka zubar ya fito da ɗan ƙyalli kamar toka a jikin maganaɗisun marfin, wanda ba abin tsoro ba ne. Gutsuren ƙarfe da yatsa zai ji shi ne abin tsoro, kuma ba a gan shi ba.

Yadda ta kasance a daji

A kan kwalta da burji sakamakon ya fito sarai. Lamba biyar ta dawo aiki, tashi daga tsaye ya daina cin kuloci, maleji kuma ya koma kusan daidai, yana nuna 102 a gudun 100 na gaskiya. Hasali ma a nan ne sauyin ya fi biyan kuɗinsa, ko da yake ba don nan aka yi shi ba.

A hawan dutse motar ta gyaru, amma gwargwado. Turawa ta koma kusan kilo 1,600 a bisa lissafin da ya gabata, daidai da abin da take da shi tun asali, gudun rarrafe a juyi 1,000 ya sauko zuwa kilomita 3.6 cikin awa. Matakan da suke ƙanana yanzu tana hawansu da kuloci a sake, injin yana gurnani a ƙasa ba tare da ya mutu ba, kuma babbar taya da kanta tana taimakawa domin mataki ɗaya ya fi sauƙin mirginawa ga doguwar taya. Amma a manyan matakai biyu na saman hawan, har yanzu sai direba ya taɓa kuloci. Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba: daga 37 zuwa 44 ƙarin kashi 19 ne, kuma kusan dukansa ya tafi wajen biyan bashin taya. A juyi 2,000 motar ta sauko daga kilomita 8.5 zuwa 7.2, wanda har yanzu gudu ne a kan dutse.

Gangara ta nuna amfanin da mai motar bai sa a lissafi ba. Idan aka saki totur a lamba ɗaya ta lo, injin ne ke riƙe motar, kuma wannan riƙo yana bi ta haƙoran nan ya ninku kamar yadda turawa ke ninkuwa. Da 4.10 da manyan tayoyi motar takan fi ƙarfin injin ta dinga ƙara gudu, sai an danna birki, birki kuma a kan tsakuwa yana kulle taya ya sa mota ta zame. Da 4.88 ta fi zama a hannu. Sai dai a tuna cewa birkin kansa bai amfana da komai ba. Babbar taya ta rage masa ƙarfi da kashi 14 ɗin nan, kuma tunda yana can bayan haƙoran ne, kusa da taya, sauya haƙora ba ya maido masa da abin da ya rasa.

A yashi lamarin ya bambanta, domin yashi ba ya son rarrafe, yana son mota ta ɗauki gudu ta riƙe shi ba tare da an katse ba. A da direban yakan rasa giyar da ta dace: lamba biyu a babban zango, wato ba a lo ba, tana shaƙe injin, idan ya tsaya sauya giya kuma motar ta nutse. Yanzu lamba uku a lo, wadda jimlar rabonta ya zama kusan 15.4, tana ba shi kusan kilomita 31 cikin awa a juyi 3,000, kuma injin yana riƙe wannan juyin har ya fita rafin. Duk da haka abin da ya fi tasiri a yashin shi ne rage iskar taya don ta baje, kuma ya gano cewa da sabbin haƙoran dole ya sassauta ƙafa wajen tashi, domin lamba ɗaya a lo tana tona rami nan take. A taɓo ma kusan haka ne: ana bukatar taya ta juya da sauri ta watsar da lakar da ta cika zanenta, kuma amfanin haƙoran shi ne injin yana iya juya manyan tayoyin a lamba biyu ko uku ba tare da ya shaƙe ba.

Kwazazzabon nan mai karkata kuwa bai san an yi wani aiki ba. Da motar ta shiga, tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama suka yi sama, suka dinga juyawa a banza, sauran biyun da ke ƙasa suna tsaye. Haƙoran rabo na yau da kullum suna ba tayoyi biyu na aksil ɗaya ƙarfin murɗawa daidai wa daida, saboda haka tayar da ta rasa ƙasa ita ce ke yanke wa 'yar'uwarta abin da za ta samu. Rabon aksil ko 4.10 ne ko 5.29, abin da ake ninkawa a nan kusan sifili ne. Iyakar abin da mota za ta iya turawa shi ne kamun da taya ta yi wa ƙasa, kuma wannan ya dogara ne da nauyin da ke kan tayar, da zanenta, da iskarta, da irin ƙasar. Na jaddada wannan ne saboda shi ne wurin da masu motoci suka fi yin asarar kuɗi: suna sauya haƙora suna jiran mota ta daina kafewa, alhali haƙora ba su da hannu a kamun ƙasa.

Abin da ya rage a gaban mai motar

Ƙorafi biyu suka saura, kowanne da maganinsa daban. Na matakan dutse yana cikin akwatin raba ƙarfi ne. Misali mai kyau shi ne Jeep Wrangler Rubicon mai giyar hannu na shekarun 2007 zuwa 2018, wadda aksil ɗinta 4.10 ne, daidai da wanda aka cire daga wannan mota, amma rabon rarrafenta ya kai 73, saboda lamba ɗayarta 4.46 ce kuma lo ɗinta 4 ne. Ga akwatin wannan Toyota ana samun haƙoran lo masu rabon 4.7 a madadin 2.28. Da su, tare da 4.88, rabon rarrafe zai haura 90, motar ta yi tafiyar kilomita 1.7 cikin awa a juyi 1,000, kuma tafiyar kwalta ba za ta sauya ko kaɗan ba tunda lo ba ya aiki a can. Babu haƙoran aksil da za su iya kai mota wannan matsayi ba tare da sun lalata mata tafiyar hanya ba. Abin da za a rasa shi ne matsakaicin zangon da ke da amfani a yashi, domin lamba ukun da yake jin daɗinta yanzu za ta koma ta rarrafe, sai ya nemi madadinta a lamba biyar ta lo ko a babban zango.

Na kwazazzabo kuwa makullin haƙoran rabo yake bukata, wanda ke ɗaure tayoyi biyu na aksil su juya tare. Da an yi shawara tun farko, lokacin da ƙunshin haƙoran ke kan teburi ne ya fi dacewa a sa shi, domin yanzu sai an sake ciro shi an sake saita wasan haƙori da matsin boris. A ra'ayina shi ya kamata ya fara yi, kuma a aksil na baya, saboda matakan dutse ana iya lallaɓa su da kuloci, amma kwazazzabon yana tsayar da tafiya ɗungurungum. Makullin aksil na gaba yana bukatar ƙarin tunani. Shaf-shaf suna bayan haƙoran aksil ne, don haka ƙarin kashi 19 na murɗawa a kansu yake sauka, babbar taya kuma tana ƙara musu wahala daga ɗaya ɓangaren. A aksil na gaba akwai gaɓar Birfield da ke ba taya damar juyawa yayin da ake karya sitiyari, kuma ta fi rauni lokacin da aka karya shi har ƙarshe. Idan aka haɗa haƙoran 4.88 da lo mai 4.7 da makulli a gaba, duk ƙarfin aksil ɗin yana iya taruwa a kan gaɓa guda idan taya ɗaya ta maƙale tsakanin duwatsu, don haka makaniken ya ce ba zai sa makullin gaba ba sai an sauya gaɓoɓin da shaf-shaf ɗin da masu ƙarfen da ya fi na asali ƙwari.